Ɓauren Bayan Aji da Ɓauren Kanti

Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na reshenmu



Da kwamitin walwala ya ce mu yi magana a kan abinci da lafiya, sai muka zaɓi ɓaure. Mun ga wasu sun murmusa da aka karanta sunan a jerin abubuwan da za a tattauna, kuma ba mu ga laifinsu ba. A idon yawancinmu ɓaure abincin biri ne da jemage da yaran da suka tsere daga aji. Amma a 'yan shekarun nan wannan ɗan itace ya dawo mana ta wata ƙofa, sanye da sabuwar riga da sabon suna. Ana kiransa tin, ana kawo shi busasshe cikin leda mai ƙyalli daga Turkiyya ko Masar, alhazai kan haɗo shi cikin tsaraba tare da dabino, kuma babu makon da zai wuce ba a turo mana saƙo a waya cewa yana maganin hawan jini da ciwon suga da basir da rashin haihuwa ba. Ga shi nan dai, na kanti muna saye da tsada muna girmama shi, na bayan aji kuwa muna kai wa yaro bulala in mun kama shi a gindinsa. Abin da muke so mu duba yau shi ne ko mun yi wa kowannensu adalci.

Dalilin da ya sa maganar ta dame mu shi ne wani abokin aikinmu, wanda ba za mu ambaci sunansa ko makarantarsa ba. Likita ya ɗora shi a kan maganin hawan jini, albashi ya yi jinkiri kamar yadda ya saba, sai wani ya ba shi shawara ya riƙa jiƙa busasshen tin da dare yana shan ruwan da asuba, wai ya ishe shi. Ya ajiye ƙwayoyin asibiti. Bayan 'yan watanni aka ɗauke shi daga gaban allo ɓarin jikinsa ba ya motsi. Ya samu sauƙi, mun gode wa Allah, amma har yau hannun da yake rubutu da shi bai koma daidai ba. Abin takaicin kuma, kuɗin da ya kashe a kan ledojin tin ɗin da sun saya masa maganin nasa.

Bari mu fara da bambance su, domin suna ɗaya ne ya haɗa su. Ɓauren da ake busarwa a kawo mana, masana tsirrai suna kiransa Ficus carica. Asalinsa yankin Gabas ta Tsakiya ne da gaɓar tekun Bahar Rum, kuma yana cikin itatuwan da ɗan Adam ya fara dasawa da hannunsa. A wani kufai da ake kira Gilgal, a kwarin kogin Urdun, an tono ɓauren da ya haura shekara 11,000, aka kuma bayyana wannan a shekarar 2006. A yau Turkiyya ce kan gaba a nomansa a duniya, musamman lardin Aydin, sai ƙasashe irin su Masar da Maroko da Aljeriya da Iran. Shi ne wanda aka saka wa sura ta 95 ta Alƙur'ani sunansa, kuma 'yan uwanmu Kirista sun san yadda ambatonsa ya yawaita a Littafi Mai Tsarki. Daraja dai yana da ita, ba mai musun wannan.

Namu na gida kuwa ɗan uwansa ne, Ficus sycomorus. Itace ne babba mai inuwa, mai son bakin fadama da gefen rafi, yana fitar da 'ya'yansa cunkus a jikin rassa. Danginsa sun cika ƙasar nan: cediya da durumi da gamji da kawuri duk gida ɗaya suke da shi. Wanda ya san Kano ya san Cediyar 'Yan Gurasa da Durumin Iya, a Jihar Katsina akwai ƙaramar hukuma sukutum mai suna Ɓaure, Sardauna kuma da gamji aka yi masa kirari. Mutanen Masar na zamanin Fir'auna irin wannan ɓaure namu suke ci, da katakonsa kuma suke sassaƙa akwatunan gawarwakinsu. Saboda haka shi ma ba ɗan ƙaramin gida ba ne.

To, me ke cikin ɓaure? Alƙaluman da aka fi dogara da su, na ma'aikatar aikin gona ta Amurka, a kan na kanti aka auna su, don haka kada mu ɗauke su mu jingina wa na bayan aji kai tsaye, tunda shi bai kai wancan zaƙi da tsoka ba. Giram 100 na ɗanyen ɓaure kusan kashi huɗu cikin biyar ruwa ne. Yana ba da kalori 74, da sukari giram 16, da faiba kusan giram 3. In aka busar da shi ruwan ya tafi, sai komai ya tattaru wuri ɗaya: giram 100 na busasshe, wato abin da zai cika tafin hannun babba, yana da kalori 249, faiba kusan giram 10, kalsiyam miligiram 162, fotasiyam miligiram 680, magniziyam miligiram 68, sinadarin ƙarfe miligiram 2, sukari kuma giram 48.

Babban alherinsa yana cikin faiba, wato harzar abinci, irin dusar da ke jikin hatsi da ɓawon wake, wadda ciki ba ya narkar da ita. Mutum zai ce abin da ba ya narkewa ina amfaninsa? Amfaninsa shi ne yana riƙe ruwa a cikin hanji, ya tausasa bayan gida, ya sa ya wuce ba tare da yunƙuri ba. Wani sashe nasa kuma yana zama abincin ƙananan halittu masu amfani da ke zaune a babban hanji, yana rage saurin shigar sukari cikin jini, yana kuma taimakawa wajen rage kitsen da ke toshe jijiyoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2023, ta ce babba ya samu aƙalla giram 25 na faiba a yini, yaro ɗan shekara 6 zuwa 9 giram 21, ɗan shekara 2 zuwa 5 kuma giram 15. Mu duba abin da muke ci yanzu. Kakanninmu sun rayu a kan gero da dawa da wake da ganye. Mu kuwa mun koma farar shinkafa da taliya da burodi da shayi mai kauri, masarar ma sai an surfe ta an cire dusar an ba awaki. Shi ya sa a ɗakin malamai hirar basir ba ta ƙarewa, kowa da jarkar tsiminsa. Mafi yawan abin da muke kira basir ɗin nan taurin bayan gida ne ke haddasa shi ko ƙara masa ƙarfi, kuma a nan ne ɓaure ya cancanci yabon da ake yi masa. Tun zamanin da ake amfani da shi don sassauta ciki, kuma yana yi, muddin an haɗa da shan ruwa isasshe.

Sai fotasiyam, wanda shi ne tushen maganar hawan jini. Gaskiya ne cewa abinci mai yawan fotasiyam yana taimaka wa jiki fitar da gishiri ta fitsari, yana kuma sassauta jijiyoyin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba babba shawarar miligiram 3,510 a yini, tare da rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5. Tafin hannu guda na busasshen ɓaure bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan adadi ba. Ruwan da aka jiƙa 'ya'ya biyu ko uku a ciki kuwa, abin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba. Ta yaya wannan zai tsaya a madadin maganin da likita ya auna ya rubuta? Ya kuma za a yi ya yi aiki a jikin mutumin da miyarsa ke shan dunƙulen ɗanɗano biyar da gishiri da kanwa?

Tunda mu malamai ne, bari mu yi ɗan lissafi irin na aji biyar. Ana yawan cewa ɓaure ya fi madara kalsiyam, kuma in aka auna giram da giram haka ne, domin madarar shanu tana da kimanin miligiram 120 a giram 100, busasshen ɓaure kuwa 162. Amma babba yana bukatar kusan miligiram 1,000 a yini. In da ɓaure kaɗai zai nema, sai ya ci fiye da giram 600, kuma a cikin wannan akwai sukari kusan giram 300, wato cokalin shayi fiye da 70. Wanda ya yi haka ya gina ƙashi ya rushe sauran jiki. Nonon da 'yar Fulani ke kawowa ƙofar makaranta, da riɗi, da zogale, da miyar kuka, da ƙananan kifin da ake ci har ƙaya, duk suna ba da kalsiyam a kuɗin da aljihun malamin firamare zai ɗauka. Maganar ƙarin jini ma haka take: wake ya fi ɓaure sinadarin ƙarfe nesa ba kusa ba.

Wannan sukarin shi ne abin da masu tura saƙonni ba sa faɗa. Kusan rabin nauyin busasshen ɓaure sukari ne. Mai ciwon suga da aka ce masa ya yawaita cinsa don ya warke, an tura shi inda bai kamata ba. Zai iya cin ɗaya ko biyu tare da abinci in ma'aikacin lafiyarsa ya yarda, ɗanye kuma ya fi masa busasshe. Mai ciwon ƙoda da aka hana shi abinci mai fotasiyam ya yi hattara, haka wanda ke shan maganin hana daskarewar jini irin su wafarin, domin ɓaure yana da bitamin K da ke iya taɓa aikin maganin. Busasshen da ya yi fumfuna ko ya canza wari a zubar da shi, kada a ji zafin kuɗin, saboda fumfunar na iya ɗauke da guba irin wadda ke lalata gyaɗa, mai cutar da hanta. Yana kuma manne wa haƙori, sai a sa yara su kurkure baki.

Yanzu mu koma bayan aji, inda zuciyarmu ta fi karkata. Hausawa kan ce wanda zai ci ɓaure kada ya tona cikinsa, kuma ƙwarin nan da ake gani a ciki su ne suka zubar masa da mutunci. Mun daɗe muna gaya wa yara cewa ƙazanta ce, alhali kuwa da mun tsaya mun duba, darasin kimiyya ne da babu irinsa a littafin da aka raba mana. Ko akwai wanda ya taɓa ganin furen ɓaure? Babu, domin abin da muke kira ɗan ɓaure ɗaki ne rufaffe, furannin kuma suna jere a bangonsa ta ciki, ɗaruruwansu. Iska ba ta kaiwa gare su, kudan zuma ma ba ya kaiwa. Akwai wata 'yar ƙwaro, dangin zanzaro, wadda ba ta wuce ƙwayar riɗi ba, ita kaɗai ke iya kutsawa ta 'yar ƙofar da ke ƙasan ɗan ɓauren. Ƙofar ta yi matsi har fukafukanta kan karye a hanya. Tana shiga ɗauke da garin fure daga bishiyar da aka haife ta, ta barbaɗa wa furannin, ta saka ƙwai a wasu, ta mutu a nan. 'Ya'yanta maza ba su da fukafukai, aikinsu shi ne su sadu da matan tun suna ciki, su huda musu hanyar fita, su ma su mutu ba tare da sun yi nisa da ɗakin ba. Matan su kwashi garin fure su tashi neman wata bishiya, sannan ɓauren ya nuna. Kusan kowane jinsin ɓaure da irin ƙwaronsa. Ba ya harbi, ba ya kawo cuta, gawar uwar ma wani sinadari da ke cikin ɓauren kan narkar da ita. Abin da ke ƙaras-ƙaras a baki iri ne.

Ga abin dariya: mafi shaharar ɓauren da Turkiyya ke busarwa shi ma ba ya nuna sai irin wannan ƙwaro ya shige shi. Manoman can har rataya wa bishiyoyinsu ɓauren daji mai ƙwari suke yi da gangan don a samu barbara. Wato wanda muke saye a leda muna ci da alfahari shi ma ya yi baƙuwar da muke ƙyamar namu saboda ita.

Wannan zama na ɓaure da ƙwaronsa yana da wata fa'ida da ta shafe mu kai tsaye. 'Yar ƙwaron ba ta wuce kwana ɗaya ko biyu a duniya bayan ta fito, don haka dole a kowane lokaci a samu wata bishiya da ke shirye ta karɓe ta. Saboda haka itatuwan ɓaure ba sa haihuwa lokaci guda kamar mangwaro. Wannan na nuna, wancan na fara ɗauka, a zagaye shekara. Shi ya sa a tsakiyar rani, sa'ad da daji ya bushe, za ka tarar da ɓaure ɗauke da 'ya'ya, kurciyar gamji da jemage da biri sun yi masa caa. A Namibiya an gano iska na ɗaukar waɗannan ƙwari fiye da kilomita 150 daga bishiya zuwa bishiya. Amma kowace bishiya da aka sare don gawayi ko itacen girki, an cire zango guda ne daga hanyarsu, kuma mun ga yadda bakin fadamunmu ke yin fayau shekara bayan shekara.

Wa ke cin wannan ɓaure in ba ɗalibanmu ba? Kowa a nan ya san yaron da ke zuwa makaranta ba tare da ya karya ba, ba shi da kuɗin tara, kafin ƙarfe goma sha ɗaya ya kifa kai a kan benci. Shirin ciyar da ɗalibai da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2016 ya tsaya ne a aji ɗaya zuwa uku, kuma mun ga yadda yake zuwa yana ɗaukewa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son yaro ɗan shekara 6 zuwa 9 ya ci giram 350 na 'ya'yan itace da ganyaye a yini, babba kuma giram 400. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, a gidajenmu ma, mu masu albashi, sau nawa ake sayen lemo ko kankana a mako? Ga yaran nan, ɓaure da kanya da magarya da ɗinya da aduwa su ne kaɗai 'ya'yan itacen da za su gani. Ɓaure ba zai maye gurbin koko da ƙosai ba, domin ba shi da abin gina jiki na a zo a gani. Amma yana da ruwa da ɗan zaƙi da harza da ma'adinai, kyauta ne, kuma yana kashe kaifin yunwa har a tashi. Mu kuma abin da muka saka wa yaron da shi shi ne bulala da sunan ɗan ƙauye, har ya girma yana ganin biskit da lemon kwalba su ne abincin wayayyu.

Ba muna cewa tsoron da muke yi ba shi da tushe ba. Yaro na iya faɗowa daga reshe ya karye, kuma mu za a tambaya. Wanda ya faɗi ƙasa ya kwana, dabbobi sun bi ta kansa, ƙudaje sun yi masa tsutsa, yana iya kawo gudawa da tsutsar ciki, musamman inda ake bahaya a fili. Wanda jemage ko tsuntsu ya gutsura bai dace a ci ba. Farin ruwan nan mai danƙo da ke fita daga ɗanye ko daga ganye yana sa ƙaiƙayi a baki da fata, ya fi muni in ya shiga ido. Cin da yawa kuma yana sakin ciki. Sai dai duk waɗannan abubuwa ne da ake koyarwa, koyarwa kuwa ita ce sana'armu. A nan za mu saɓa wa karin maganar iyayenmu, tare da neman afuwarsu: a tona cikin ɓaure. A tsinko nunanne da gora ba tare da hawa ba, a wanke da ruwa mai tsabta, a tsaga biyu, a duba, a kakkaɓe, wanda ya ruɓe a jefar. In ya yi yawa a shanya shi a kan tabarma mai tsabta, a rufe da yadi mara kauri saboda ƙuda, ya bushe sarai kafin a adana. Minti goma na darasin kiwon lafiya ya isa a nuna wa aji guda wannan, yaran kuma za su kai shi gida.

A makarantarmu mun gwada a zangon da ya wuce. Mun fita da 'yan aji huɗu zuwa gindin ɓauren da ke bayan ajinsu, da bokitin ruwa da wuƙa da gilashin ƙara girman abu guda ɗaya da muka aro. Yaron da bai taɓa ɗaga hannu a aji ba shi ne ya nuna mana yadda ake gane nunanne daga launinsa da laushinsa, shi ne kuma ya fara hango 'yar ƙwaron tana fita. Ranar mun ga bakinsa ya buɗe, har ya gyara mana wani kuskure, muka karɓa.

Saboda haka muna da roƙo ga wannan reshe. Duk makarantar da ke da ɓaure ko cediya ko durumi a harabarta, hedimasta da ƙungiyar iyaye da malamai su tsaya kada a sayar wa masu gawayi, komai matsin da ake ciki na kuɗin alli da gyaran benci. Wadda ba ta da shi ta dasa. Ba ya bukatar kuɗi: reshe mai kauri kamar damtsen mutum ake sara a kafa a rami da farkon damina, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki, domin suna son ganyensa ƙwarai. A nisanta shi da ginin aji da rijiya da masai, saboda saiwarsa tana tafiya nesa neman ruwa, tana kuma tsaga gini. Muna kuma roƙon kwamitin walwala ya duba yiwuwar ware wani abu daga asusunmu don ranta wa mambobi masu hawan jini da ciwon suga kuɗin magani a watannin da albashi ya makara, a cire idan ya shigo, don kada wani ya sake komawa ga ruwan jiƙo saboda babu.

Namu ɓauren na bayan aji yana da rassan da za su ishi makarantu da dama. Wanda yake so ya rubuta sunan makarantarsa wurin sakatare kafin a watse, mu kuma za mu sare su a shirye da zarar ruwan farko ya sauka.